GIDA DA GYARA: Mun Sauke Mukayyif, Saura Ramin Da Ya Bari

Hirar wannan wata a kan rufi za mu yi ta, saboda haka mai tsani sai ya jingina mu hau tare, amma a hankali.

Duk wanda ya koma gidansa a Madani ko Khartum ko Omdurman bayan doguwar rabuwa, abin da yake fara dubawa ƙofa ce, sa'an nan tagogi, sa'an nan abin da aka rage masa a cikin ɗakuna. Da wuya mutum ya ɗaga kai sama. Alhali kuwa can a sama akwai wani tsohon abokin zama da muka bari tun ranar da muka ja ƙofa muka fita, wato mukayyif na ruwa, wanda muka fi sani da mukayyif moya. Tun daga 15 ga Afrilu 2023 da yaƙi ya ɓarke, wasu gidaje sun sha damina biyu, wasu uku, ba wanda ya hau ya leƙa shi. A gidaje da yawa an tarar an kwance injinsa an yi gaba da shi saboda jan ƙarfen da ke ciki, an zare wayoyi, an bar ƙwarangwal ɗin gwangwani yana ta cin tsatsa bisa wani rami da ya zarce kai tsaye zuwa tsakiyar ɗaki.

Mun sani a yawancin gidajenmu a jikin bango ake kafa shi, bisa ƙafafun ƙarfe daga waje. Masu irin wannan nasu mai sauƙi ne, 'yan bulo da ɗan siminti sun isa su toshe tagar. Waɗanda muke nufi yau su ne waɗanda aka ɗora wa shi a kan rufi, aka huda rufin aka saukar da bututun iska. Mu ma muna cikinsu, kuma da yake ba a jin kunyar faɗin abin da zai amfani wani, bari mu fara da wautar da muka tafka.

A farkon 2025, bayan hanyar Madani ta buɗe, muka koma gida daga Gadarif inda muka yi zaman gudun hijira fiye da shekara guda. Muka tarar da mukayyif ɗin ɗakin tsakiya ba inji, ba famfo, gindinsa duk ya rududduge. Cikin watan Mayu muka kira samari biyu daga cikin dangi, kafin hantsi mun sauke shi. Ya bar rami mai kusurwa huɗu, kowane gefe kamar santimita 60. Muka ɗauko guntun kwano muka kifa a kai, muka shimfiɗa leda, muka danne da bulo huɗu, muka ce bayan babbar Salla sai mu nemi magini. Aka yi Salla, aka cinye nama, ba mu nemi kowa ba. Wata la'asar habub ta taso ta ɗauke kwanon ta jefa shi gidan maƙwabci, Allah ya kiyaye ba kowa a tsakar gida. Maimakon mu ɗauki wannan gargaɗi ne, sai muka karɓo kwanonmu muka mayar, muka ƙara bulo ya zama takwas, muna ganin mun yi dabara.

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauka cikin Yuli, da tsakar dare. Kwanon yana nan inda muka ajiye shi, ko motsi bai yi ba, amma ɗaki ya zama tafki. Katifa ta jiƙe, rabin buhun dawa ya lalace, wannan duk da sauƙi. Abin da ya fi yi mana ciwo shi ne jakar takardu: na haihuwar yara, da na makaranta, da takardar gidan kanta. Takardun nan mun rungume su daga Madani zuwa Gadarif, mun dawo da su lafiya, ba wanda ya taɓa su a hanya, sai ga shi rufin ɗakinmu ne ya ci su. Wasu da muka shanya sun karantu, wasu tawada ta narke, kuma duk wanda ya taɓa bin layin neman sabuwar takarda ya san abin da wannan yake nufi.

Da gari ya waye muka je muka ɗauko wani dattijon magini na unguwa, wanda ya fi shekara arba'in yana aikin rufi. Ya hau, ya ɗaga kwanon, ya sa ƙafa ya taka gefen ramin, ya yi shiru. Muka ce, "Baba usta, ai mun rufe, ta ina ya shiga?" Ya ce, "'Ya'yana, rana kuka rufe wa, ba ruwa ba. Wanda ya faɗo a kan kwanon nan bai fi bokiti biyu ba. Na rufin duka ne ya rarrafo ta ƙarƙashinsa, don nan ne kwari." Wannan magana ita ce kan hirarmu ta yau. Sauke mukayyif aikin safiya ɗaya ne. Ainihin aikin shi ne mayar da rufi yadda yake tun kafin a huda shi, kuma a gama kafin hadari ya haɗu.

Me ya sa wurin yake zama kwari?

Don a gane dalili sai mu tuna yadda na'urar take aiki. Ba ta da wani asiri da ya wuce na randar da ke ƙofar gida, wato zir. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin randa, busasshiyar iska ta kwashe shi, zafi ya tafi tare da shi, na ciki ya yi sanyi. Haka shi ma mukayyif. Ɗan famfo yana ɗebo ruwa daga daron da ke gindinsa ya zuba a kan ciyawar da aka cusa a gefunansa, wadda masu gyara ke kira gash, fanka kuma ta zuƙo iskar waje ta cikin jiƙaƙƙiyar ciyawar ta tura ta ɗaki. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 kuma iska a bushe take ƙayau, yana iya sauko da iskar da ke shiga ɗaki ƙasa da digiri 30. Da zarar damina ta kankama iska ta ƙoshi da laima, sai ya koma fanka kawai mai kawo danshi. Shi ya sa 'yan'uwanmu na Bur Sudan da ke bakin teku ba su cika yaba shi kamar mu ba.

To, ruwan da ya tashi ya bi iska ba ya tafiya da gishirin da ke cikinsa. A daro gishirin yake zama, shi ne farin ɓawon nan da muke kankarewa kowace bazara, kuma shi ne yake taimaka wa tsatsa har daron ya huje. Ga kuma awwama, 'yar ƙwallon nan da ke tsayar da ruwa in daro ya cika. Ran da ta lalace sai ruwa ya yi ta malala dare da rana. Shekara goma, shekara ashirin, wuri ɗaya yana shan ɗigon ruwa mai gishiri, ga nauyin na'urar da ruwanta wanda a manya yakan kai na buhun siminti biyu, ga girgizar inji, ga takun masu gyara. In kwano ne ya yi tsatsa, in kankare ne ruwa ya kai ga rodi, in ƙasa ce ta lotsa. Ke nan ramin mukayyif ba a lafiyayyen wuri yake ba. Yana tsakiyar wurin da ya fi kowane rauni a rufin, sau da yawa kuma nan ne ruwa yake gangarowa.

Ga ɗan lissafi da yaron firamare zai iya yi mana. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ke nan. Ɗaki mai mita 4 da 4, rufinsa murabba'in mita 16 ne. Ruwan dare ɗaya na milimita 30, wanda ba abin mamaki ba ne a Agusta, zai sauke lita 480 a kansa, wato fiye da ganga biyu. Dattawan Khartum ba su manta da daren 4 ga Agusta 1988 ba, da aka yi ruwa kimanin milimita 200 kafin a kewayo. A kan rufin ɗakin nan namu ganga 16 ke nan. Ba kowace shekara ake irinsa ba, amma ko ganga biyun ma in indararo bai kwashe su ba, wata ƙofa za su nema. Masu karatunmu na Gadarif da Sinja da Damazin da Mai Wurno, inda ruwan shekara ya ninka na Khartum, su ne ma ya fi kamata su buɗe kunne.

Shawara kafin a sa hannu

Kada a yi gaggawar yanke masa hukunci. Wutar da mukayyif na ruwa yake ci kamar kashi ɗaya cikin huɗu ne na wadda na firiyon yake ci, har ma faranti kaɗan na hasken rana suna iya juya shi. In daronsa lafiya lau yake, inji da famfo da gash kawai ya rasa, to gyara ya fi saukewa. Amma in daro ya huje, ko ƙafafu sun rube, ko an ga tabon ruwa a silin kewaye da bakin bututu, to lokacinsa ya yi. Wanda kuma zai sayi sabo, shawararmu ya kai shi jikin bango, ya bar rufi ya huta.

In gidan haya ne, ko kuwa gidan ɗan'uwa ne da ke Masar ko Saudiyya kake tsare masa, a sanar da mai gida tukuna. A yi magana a fili a kan wa zai biya kuɗin toshe rufi, wa kuma zai ɗauki tarkacen. Mun ga zumuncin da ya yi tsami a kan gwangwanin da bai kai kuɗin rago ba.

Sai babban gargaɗi, wanda da can ba ma bukatar yinsa a wannan fili. A garuruwan da aka yi faɗa, rufi na cikin wuraren da ake tarar da harsasai da ƙundumbalan da suka faɗo ba su fashe ba. Babba ne zai fara hawa, ba yaro ba, ya tsaya a kan tsani ya ƙare wa rufin kallo kafin ya taka, ya kuma leƙa cikin mukayyif ɗin kansa da ido, ba da hannu ba. Duk wani ƙarfen da ba a san shi ba, kada a taɓa, kada a zungura da sanda, kada a ce za a sayar wa masu sayen tsofaffin ƙarafa. A sauko, a janye tsani, a hana yara, a kai rahoto ga 'yan sanda ko ma'aikatan kawar da nakiyoyi. Ba rufin da ya kai ran mutum.

Ranar saukewa

A fara da sassafe kafin kwano ya yi zafi, kuma ba ranar da ake iska ba. Mutum uku ake so, biyu a sama ɗaya a ƙasa. In rufin ƙasa ne ko kwano, a shimfiɗa katako a dinga takawa a kansa, don wurin da ya sha ruwa shekaru yana iya rufta wa da mutum.

Wuta ce farko. Kada a ce ai an ɗauke wuta tun jiya, domin ba ta sallama in za ta dawo, ga kuma gidajen da ke da janareta ko batir na hasken rana. A kashe babban makunnin da ke kusa da mita, a gwada wayar da tasta. A jikin wasu injuna akwai ɗan gwangwani mai kama da batir wanda yake riƙe wuta ko bayan an kashe, a bar wa mai gyaran wuta shi. Wayar da ta hau rufi kuwa daga tushenta ake cire ta. Wanda ya yanke ta a sama ya naɗe bakin da leda ya bari a kan rufi, ya ajiye wa damina tarko ne.

Na biyu ruwa. A rufe famfo, a bi bututun har inda ya rabu da babban layi a ƙasa, a yanke shi nan a sa masa murfi mai zare. Lanƙwasa bakin bututu a ɗaure da roba ba toshewa ba ne. Wata rana ruwan famfo zai zo da ƙarfi cikin dare ya kwance shi. In da sauran ruwa a daro, a zuƙe shi da tiyo zuwa ƙasa, kada a tuntsurar da shi a kan rufi.

Na uku, kada a sauke shi ɗungurungum. A ɗaura ƙyalle a hanci, domin tsohon gash cike yake da ƙura da kashin tsuntsaye, wani lokaci har da rina da kunama. A cire murafen gefe, a kwashe gash a buhu, a kwance inji in yana nan, sa'an nan fanka, sa'an nan daro da ƙafafu. Kowane yanki a ɗaure shi da igiya a zura, na ƙasa ya tsaya gefe sai kaya ya dire. Daga nan a zaro bututun iska. A ƙarshe a share wurin tas, a ƙirga ramuka. Mutane babban ramin kawai suke gani, su manta da ƙanana: na ƙafafu huɗu, da na waya, da na bututun ruwa. A zagaye kowanne da alli, domin ramin ƙusa ɗaya ya isa ya ɓata silin.

Kowane rufi da maganinsa

Ƙa'idar ɗaya ce: abin da aka yi rufin da shi, da shi ake cike ramin, kuma facin ya ɗan fi kewayensa tudu, ba kwari ba.

In rufin kwano ne, abin da ya fi shi ne a cire fallen da aka huda gaba ɗaya a sa sabo, tun da yawanci tsatsa ta riga ta bi shi har ƙasa inda ruwa yake ɗiga. In hali bai kai ba, a yanke duk inda ya yi tsatsa har a iske lafiyayyen ƙarfe, a sa katako ko ƙarfe a ƙarƙashi don facin ya sami abin kamawa, a nemo kwano mai tudu da kwari irin na tsohon sak. Ga inda mutane da yawa suke kuskure: bakin facin na sama dole ya shige ƙarƙashin kwanon da ke samansa, na ƙasa kuma ya hau kan wanda ke ƙasansa, kamar yadda gashin kaza yake hawa kan juna, yadda ruwa zai gangaro bai ci karo da baki ba. Hawan ya kai santimita 20 sama da ƙasa, a gefe kuma tudu biyu. A kafa ƙusoshi masu hular roba a kan tudu, ba a cikin kwari inda ruwa ke gudu ba. Kwalta ko gam taimako ne kawai. Facin da ya dogara da su kaɗai, rana ɗaya ta bazara za ta tsattsage shi.

In rufin kankare ne, siminti ba ya tsayawa a rami shi kaɗai, sai da ƙashi. A sassaƙe gefunan ramin da guduma da cizal har tsofaffin roduna su fito, a goge tsatsarsu da burushin ƙarfe, a haɗa su da sababbi tsaye da kwance. A tallafe ramin daga ƙasa da katako a tokare shi da sanduna. A wanke gefunan, a jiƙa su sosai, a shafa ruwan siminti mai kauri, kafin ya bushe a zuba kankare, awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, a soka shi da rodi don kada iska ta maƙale a ciki. Sai a rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara a dinga shayar da shi safe da yamma aƙalla kwana bakwai, katakon ƙasa kuma a bar shi ya kai mako biyu. Mun san ruwa da tsada, amma kankaren da ya bushe da ƙishirwa a zafin nan namu tsagewa yake yi. Bayan ya bushe a shafa baƙar kwaltar nan da magina ke kira falankot sau biyu ko uku, ta wuce layin haɗi da kamar santimita 30 ta kowane gefe, domin a layin da sabo ya haɗu da tsoho ne yoyo yake farawa. In ramin babba ne, ko an ga tsaga ta taso daga kusurwarsa ta nufi bango, ko rodin ya kumbura yana ɓare kankare daga ƙasa, wannan ya wuce aikin unguwa, a nemi injiniya.

Akwai wata hanya mai sauƙi ga masu kankare da ba sa son su toshe ramin har abada. A gina ɗan bango na bulo kewaye da shi, tsayin santimita 20, a yaɓe shi ciki da waje, a haɗa gindinsa da rufi da siminti a gangare, a shafe da kwalta, sa'an nan a yi masa murfin ƙarfe mai leɓe da ya sauko ya rufe kan bangon, a ɗaure shi da ƙusa. Bambancin wannan da kwanonmu mai bulo takwas shi ne ruwan da ya rarrafo bango zai tarar.

In akad ne, irin namu, wato bakan jan bulo tsakanin ƙarafan kamar, magini zai yi ɗan tallafi mai lanƙwasa daga ƙasa ya mayar da bulon yadda bakan yake, domin kowane bulo da ɗan'uwansa yake tsaye. Amma kafin nan a tone hafja, wato cakuɗar jir da yashi da ɓarɓashin jan bulo da ake shimfiɗawa a sama, a duba kamar ɗin. A namu an tarar tsatsa ta fara cin ɗaya, aka goge aka shafa masa fenti. Da za a mayar da hafja, Baba usta bai tsaya a bakin ramin ba, sai da ya ja zare daga nan har indararo, wanda muke ce wa sabaloga, ya fitar da gangara kamar santimita biyu a kowace mita, ya daddaɓe.

In rufin baladi ne, na ƙasa, shi ya fi kowanne son haƙuri. A yaye ƙasar ta wuce ramin da kamar mita guda ta kowane gefe, a duba mirig da azara, a soka musu wuƙa. Duk wadda wuƙa ta shige ta ruɓe ko gara ta ci, a canza ta. A mayar da kara da tabarma, a shimfiɗa leda mai kauri wadda za ta hau kan tsohon wuri, sa'an nan a dinga sa ƙasa kaɗan-kaɗan, kowane shafi sai ya bushe a ƙara wani. A bar wurin da ɗan tozo, don zai zauna. A ƙarshe a yi wa rufin duka zibala, ba wurin facin kawai ba. Kada kuma a ce za a ƙara ƙasa da yawa don ƙarfi. Jiƙaƙƙiyar ƙasa nauyi gare ta, kuma nauyin nan ne yake karya azara a kan masu barci.

A gwada kafin sama ta gwada

In an gama, kada a jira Agusta ta ba da sakamako. Mai kankare ko akad ya toshe indararo, ya tara ruwa kamar kaurin yatsa biyu a wurin, ya bar shi kwana ɗaya, yana leƙa silin daga ciki. Mai kwano ya sa wani a ɗaki, shi kuma ya dinga zuba ruwa daga ƙasan facin yana hawa sama, ta haka za a san daidai inda yake shiga. Rufin ƙasa kuwa ba a tara masa ruwa; a zuba buta ɗaya a ga inda ya nufa, in ya tsaya yana shawara to akwai sauran aiki. Daga nan a buɗe indararo a zare duk abin da ya toshe shi. Silin na ciki kuma kada a yi saurin rufe shi da fenti, a bari a ga ruwan farko.

Saura tarkace. Inji da famfo in suna da rai a ajiye ko a sayar. Amma daro kada a jefar da shi bayan ɗaki yana kallon sama. Sauron da ke kawo zazzaɓin dengi a cikin ruwa mai tsabta da ya kwanta a irin waɗannan mazubai yake ƙyanƙyasa, kuma mako guda zuwa kwana goma ya ishe shi ya tashi. Shi ne ya kawo kankasha da ta kwantar da mutanen Kassala a 2018, kuma mutanen Khartum sun ga yadda dengi ya yi da su a daminar 2025. A kife daron, ko a huda shi, ko a kai wa masu ƙarafa ranar nan. Wanda kuma ya bar nasa mukayyif ɗin a sama don yana aiki, in damina ta shigo ya daina kunna shi, ya zubar da ruwan ya rufe shi.

Mu dai kuɗin da muka biya Baba usta da na siminti da jir bai kai na katifar da muka yar ba, ba a ma maganar takardu. Da a Mayu muka kira shi, da a busasshen rufi zai yi aikinsa cikin kwana biyu. Da yake a Yuli ne, sai da muka yi mako biyu muna kallon gabas da tamfol a hannu. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Namu ya riga ya ƙone, ku dai ku hau ku duba naku. In kuma akwai gidan tsohuwa a layinku, ko gidan da masu shi ba su dawo ba, bayan an nemi izini a jingina tsanin can ma.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu sauko ƙasa mu duba gindin bangon da ruwa ya kwanta a jikinsa. Kafin nan, a huta lafiya.